Farautar Tsofaffin Kayan Ƙawata Gida a Kasuwar Newark

Daga tashar King's Cross da ke Landan zuwa garin Newark, a yankin Nottinghamshire, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa, kuma duk wanda yake son ya sami rabonsa a kasuwar tsofaffin kayan da ke ci a bayan garin, dole ne ya yi sammako. Ni da yayata, wadda ta daɗe da zama a Ingila, mun kama hanya tun gari bai gama wayewa ba, a wata Alhamis ta watan Oktoba, kowaccenmu sanye da rigar sanyi mai kauri da takalmin da zai iya da taɓo. Tun a cikin jirgi na fara gane abokan tafiyarmu, domin duk wanda aka gani riƙe da ƙatuwar jakar da babu komai a cikinta, ko keken jan kaya a naɗe, ko ƙunshin tsofaffin jaridu a hammata, ba sai an tambaye shi inda ya dosa ba.

Newark tsohon gari ne mai tarihi, kuma a fadar da kangonta ke tsaye har yau a bakin kogin Trent ne Sarki John na Ingila ya rasu a shekarar 1216, amma ba wannan ya kawo mu ba, saboda haka daga tasha sai muka ɗauki tasi kai tsaye zuwa filin baje kolin. Filin a da sansanin jiragen yaƙi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa yake shimfiɗe babu tudu babu kwari, iska kuma tana kaɗawa a cikinsa ba tare da wani abin da zai tare ta ba. Sau shida ake cin kasuwar a shekara, Alhamis da Juma'a, kuma masu shirya ta suna cewa takan ɗauki rumfuna har 2,500 a fili mai faɗin eka 84. Kuɗin shiga na ranar Alhamis ya fi na Juma'a nesa ba kusa ba, dalili kuwa shi ne a ranar farko ce manyan dillalai suke tsince nagartattun kaya, wanda ya zo washegari sai ya yi haƙuri da abin da suka rage.

Na sha jin labarin girman wurin, amma gani ya kori ji. Akwai manyan zauruka masu rufi inda ake baje kaya masu tsada cikin akwatunan gilashi, akwai dogayen tantuna, sannan akwai layi bayan layi na motocin ɗaukar kaya a sarari, kowa ya buɗe bayan motarsa ya zube hajarsa a kan tebur ko a kan tamfol a ƙasa. Ga masu saye daga Japan da Amurka da sauran ƙasashen Turai suna tafe da sauri, suna manna 'yar takarda mai lamba a jikin duk abin da suka saya, domin daga baya ma'aikatan kamfanonin sufuri su bi rumfa rumfa su tattara. Mutumin da ya shigo ba tare da ya san abin da yake nema ba, ruwan ido zai kama shi kafin ya gama layin farko. Mun wuce kabad-kabad na katako da agogunan bango da kayan azurfa ba mu ko waiwaya ba, muka nufi can ƙarshen fili inda rumfunan masu ƙaramin jari suke.

Abin da ya kawo ni wani rukuni ne na kaya da masu harkar ke kira kitsch, wato kayan gida masu araha da masana'antu suka riƙa zubowa da yawa, musamman daga shekarun 1950 zuwa na 1970, masu launi mai kashe ido da siffa mai sa murmushi, waɗanda masana zane suka daɗe suna yi musu kallon raini. Butar shayi ce da aka yi ta da siffar ɗan ƙaramin gida mai taga da ƙofa, ko mazubin ƙanƙara na roba mai kama da abarba, ko mazubin gishiri da na barkono da aka mayar da su 'yan kyanwa biyu masu dogon wuya, ko agogon bango mai tsinkayen ƙarfe da suka bazu kamar hasken rana. An ce araha ba ta ado, kuma masu raina waɗannan kaya a kan wannan magana suka tsaya. Ni kuwa ban yarda da hukuncinsu ba, kuma abin da na gani a Newark ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan ra'ayina.

Rumfar da ta fara tsayar da ni ta wani dattijo ce mai furfura, wanda ya jera farantan tangaran a cikin kwandunan roba kamar yadda ake jera littattafai. Ina cikin bin su ɗaya bayan ɗaya sai hannuna ya faɗa kan wani faranti fari da baƙi, na zaro shi na ɗaga. An cika fuskarsa da siraran layuka baƙaƙe tun daga tsakiya har baki, a tsakankanin layukan kuma an zana ƙananan kayan ɗaki warwatse: kujera mai hannu, da doguwar kujerar falo, da ɗan tebur mai siffar ƙoda a kan siraran ƙafafu, da fitila, da shuka a cikin tukunya. Da na juya bayansa sai ga tambari, Homemaker, na kamfanin Ridgway. Wata matashiya mai suna Enid Seeney ce ta yi zanen, aka fara sayar da shi wajen 1957 a kantunan Woolworths, inda masu ƙaramin ƙarfi suke sayayya, kuma ana iya sayensa ɗaiɗai, ta yadda sababbin ma'aurata za su riƙa tarawa a hankali gwargwadon abin da aljihu ya iya. Kayan ɗakin da aka zana a jiki su ne na yayi a lokacin, waɗanda yawancin masu sayen farantin ba su da halin mallaka, saboda haka mutum yana cin abincinsa a kan hoton ɗakin da yake fatan wata rana ya zama nasa. A tsakiyar wanda na riƙe akwai sawun wuƙa da yawa, sirara, sun gicciye juna har sun ɗan dushe sheƙin wurin, alamar cewa an shekara da shekaru ana cin abinci a kansa. Dattijon ya so ya canza mini da wani wanda bai taɓa hawa tebur ba, na ce masa wannan ɗin nake so.

Shi ne ya ja hankalina ga dalilin da ya sa kayan wancan zamani suke da launi haka. Daga 1942, saboda yaƙi, gwamnatin Birtaniya ta hana masana'antu sayar da tangaran mai ado a cikin gida, aka bar mutane da farare zalla marasa zane, don a rage ɓarnar ma'aikata da kayan aiki. Masu ado ana ci gaba da yin su, amma ƙasashen waje ake kai su don a samo kuɗin shiga, in ban da waɗanda suka sami tawaya aka ƙi fitar da su. Ba a ɗage wannan doka ba sai 1952, shekara bakwai bayan an gama yaƙin, rabon abinci da kati kuwa bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1954. To mutanen da suka yi shekara goma suna shan shayi a farin kofi, suna zaune a gidajen da bama-bamai suka girgiza, da aka buɗe musu ƙofa sai suka rungumi ja da rawaya da ruwan lemo da kore hannu bibbiyu. Duk wanda ya san wannan ba zai ƙara kallon butar shayi mai siffar gida ya ce masu ita ba su san abin da ya dace ba. Sun san abin da suke so sarai, suna son abin da zai faranta musu rai idan sun shiga kicin da safe, kuma wannan buƙata ce da ba ta gaza ta mai sayen zanen miliyoyi ba.

Ciniki a nan yana da nasa tsari, kuma yayata ta karanta mini shi tun a jirgi. Ba a kushe kaya don a karya farashi, ba a kuma taya abu da rabin kuɗinsa, domin mai kaya zai ɗauka an raina shi ne ya juya baya. Abin da ake yi shi ne a tambaye shi iyakar abin da zai iya sallamawa, shi kuma yakan rage kamar kashi ɗaya cikin goma, ya ƙara ragi idan an haɗa kaya biyu ko uku, ko idan ya ga tsabar kuɗi a hannu, ko da yake da yawansu yanzu suna karɓar kati. A jikin wasu takardun farashi akan ga harafin T da wata lamba a kusurwa, wannan kuwa shi ne adadin fam ɗin da mai kaya ya yarda ya rage wa ɗan'uwansa ɗan kasuwa, wanda ya gane alamar ya san inda cinikin zai tsaya. Na haɗa farantin da wasu ƙanana biyu irinsa, dattijon ya sallama, ya naɗe mini su a jarida da kansa.

Inda na fi daɗewa shi ne rumfar wata mata mai sayar da kayan SylvaC, tambarin wani kamfani na garin Longton, a yankin Stoke-on-Trent, cibiyar masu ginin tangaran ta Ingila, wanda ya rufe a 1982. An fi sanin kamfanin da korayen zomaye masu dogon kunne, amma abin da ya ɗauke mini hankali wasu 'yan kwanoni ne masu murfi da aka yi su da siffar kayan lambu, kowanne da fuskarsa. Akwai na albasa, wanda aka yi don zuba albasar da aka jiƙa a ruwan tsami, launinsa ruwan ƙasa mai haske, da siraran jijiyoyi irin na ɓawon albasa daga sama zuwa ƙasa, murfinsa ya tattaru ya yi tsini kamar kan albasa. Fuskar kuwa kuka take yi, baki ya karkace, girar ido ta haɗe, ga ɗigon hawaye a kumatu. Wanda ya fara sassaƙa wannan fuska ya san aikinsa, domin ba ƙaramin gwani ba ne zai sa dunƙulen yumɓu ya yi abin tausayi da abin dariya a lokaci guda.

Da matar ta ga na juya kwanon ina duba gindinsa, sai ta sunkuya ta ɗauko wani daga ƙarƙashin tebur ta ajiye kusa da shi, ta ce in gaya mata bambancinsu. Da farko ban ga komai ba, sai da na ƙura ido na lura na biyun ya ɗan fi ƙanƙanta, hawayensa sun daɓe ba su fito sosai ba, lambar da aka danna a gindinsa kuma ta dusashe. Ta ce jabu ne, ta saye shi cikin tarin kaya ta ajiye don koya wa masu saye, ba na sayarwa ba ne. Masu yin jabu sukan ɗauki na asali su yi mazubi da shi, to da yake yumɓu yana tsukewa idan ya bushe aka gasa shi, duk abin da ya fito daga wannan mazubi dole ya gaza uwarsa girma, ƙananan layukan zane kuma su lalace. Ta nuna mini yadda ake bin bakin kwano da ɗan yatsa a hankali, domin yatsa yana jin ɓantarewar da ido bai gani ba, da yadda ake ɗora faranti a tafin hannu a ƙyasta shi da farce: lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ya yi wani dum ya yi shiru. Wurin da aka yi wa gyara aka shafe da fenti shi ma yakan bambanta da sauran jiki wajen santsi da sheƙi, idan aka karkata shi ga haske. Na sayi albasar ta asali, kuma ban nemi ragi mai yawa ba, domin karatun da ta ba ni ya fi abin da zan rage.

Kwanonin Pyrex kuwa babu layin da ba a ganin su. Kamfanin Corning na Amurka ne ya fito da wannan gilashi mai jure zafi a 1915, a Ingila kuma masana'antar Jobling da ke Sunderland ce ta riƙa yin sa tun farkon shekarun 1920, shi ya sa ake ganin haruffan JAJ a gindin na Ingila, har zuwa lokacin da sunan ya canza, masana'antar kuma ta rufe a 2007. Waɗanda ake rububi su ne farare kamar madara masu zanen furanni ko na ƙanƙarar sama a jiki. Babban abokin gabarsu shi ne injin wanke kwanoni, wanda yake cinye sheƙin launin ya bar shi fari-fari kamar an barbaɗa alli, kuma idan hakan ta faru babu magani. Wasu masu sayarwa sukan shafa ɗan mai don launin ya farfaɗo na ɗan lokaci, saboda haka sai a goga yatsa a ji ko akwai maiƙo. Na ɗauki ɗaya shuɗi mai murfi, bayan na tabbatar murfin nasa ne ba aro ba.

A wata tanti muka ci karo da hoton da ake ɗauka a matsayin sarauniyar wannan rukuni na kaya, hoton wata budurwa 'yar China mai fuska kore-shuɗi da jan leɓe da riga mai wuya ruwan zinariya. Vladimir Tretchikoff ne ya zana shi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1950, shi kuwa haifaffen daular Rasha ne da ya yi yawon duniya kafin ya zauna can. An buga kwafin hoton da yawan gaske ana sayarwa a manyan kantuna, har ya shiga sahun hotunan da aka fi saye a ƙarni na ashirin, masu sharhin zane suna ta sukarsa, jama'a kuma suna ta rataya shi a falo. A 2013 aka yi gwanjon na asalin a Landan a kan kuɗi kusan fam miliyan ɗaya. Yayata ta tsaya ta dube shi, ta girgiza kai ta ce, “Ni kam wannan fuska ba za ta kwana a gidana ba.” Na ce, “Yaya, ki dubi yadda ya fitar da zinariyar wuyan rigar, ai aiki ne na mai haƙuri.” Ba ta sauya ra'ayi ba, ni ma ban saya ba, amma dalilina daban ne: rana ta ci wannan kwafin, jan leɓen ya koɗe, hoton duka ya koma shuɗi, domin a irin wannan bugu ja ne yake fara gudu. Mai son sa ya nemi wanda ya zauna a ɗaki mai inuwa, yana cikin firam ɗinsa na asali.

Ita abin da ya kama zuciyarta agwagin bango ne. Waɗannan agwagi ne na tangaran, bayansu a shafe don su kwanta a jikin bango, fukafukai a buɗe, kai kore, wuya da farin zobe, ana rataya su uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, a karkace kamar sun tashi sama. Kamfanin Beswick, shi ma na Longton, ya fara yin su tun ƙarshen shekarun 1930, wasu kamfanoni ma suka riƙa yin irinsu, har suka zama alamar falon ma'aikaci a Ingila. Wanda muka samu yana da biyu ne kawai, babba da ƙarami, na tsakiyar ya fashe tun a gidan da aka kwaso su. Yayata ta bi bakin kowanne da ƙarshen fukafukansa da yatsa, don nan ne suka fi karyewa, ta ga lafiya lau, ta biya. Daga nan tafiyarmu ta sami wata sabuwar manufa, duk rumfar da muka wuce sai ta leƙa cikin kwalaye tana neman na tsakiya.

Da ruwa ya fara yayyafi, muka fake a ɗaya daga cikin manyan zaurukan, inda wani matashi ya jera fitilu masu narkakken kaki a kan kanta, duk a kunne. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Craven Walker, ya fito da su a 1963 da sunan Astro, a garin Poole aka riƙa ƙera su, kuma kamfanin yana nan har yau da sunan Mathmos. Yadda suke aiki abu ne mai sauƙi da ban sha'awa: kakin da ke cikin kwalbar ya ɗan fi ruwan nauyi idan yana da sanyi, da ƙwan fitilar da ke ƙasa ya ɗumama shi sai ya buɗe ya yi sauƙi ya taso, idan ya kai sama ya huce sai ya sake nutsewa. Sai fitilar ta yi awa guda ko fiye a kunne kafin kakin ya fara yawo, kuma idan aka girgiza ta da zafinta ruwan yakan gurɓace ya yi hazo. Na daɗe a tsaye ina kallon wata mai jan kaki a cikin ruwan rawaya, amma na bar ta, domin wayarta tsohuwa ce ta asali, kuma duk kayan lantarkin da suka kai shekara hamsin bai kamata a jona su ba sai ma'aikacin lantarki ya duba ya sauya abin da ya kamata. Matashin da kansa ya nuna mini waɗanda aka riga aka gwada, masu 'yar takardar shaida a jikin waya, sai dai kuɗinsu ya wuce abin da na ware.

A zauren nan kuma na ga tulunan furanni na Jamus ta Yamma, masu kaurin rufi da ya kumbura ya tsattsage kamar aman dutsen wuta, ja da baƙi da ruwan lemo. Karanta gindinsu ba wuya: lamba ta farko ta siffar tulun ce, ta biyu tsayinsa ne a santimita, idan kuma an rubuta sunan Jamus ta Yamma to an yi shi ne tsakanin 1949 da 1990, kafin ƙasar ta sake haɗewa. Na sayi ɗaya matsakaici mai hannu. Kusa da wurin wata mata tana haska kofunan gilashi kore-rawaya da wata 'yar tocila mai shuɗin haske, suna ƙyalli kore shar a cikin duhun akwati, saboda ɗan sinadarin yuraniyom da aka zuba a gilashin don ba shi launi, dabarar da aka fara tun shekarun 1830. Yara sun kewaye ta, manya ma ba a bar su a baya ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da inda duk waɗannan kaya suke fitowa. Da muka koma waje bayan ruwa ya ɗauke, na tsaya wajen wani mutum da ko tebur bai kafa ba, kwalayen ayaba ne kawai ya sauke daga mota ya buɗe bakinsu. Sana'arsa kwashe kayan gida ce: idan tsoho ya rasu ko aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi, 'ya'ya kuma ba su da wurin ajiya ko ba su da sha'awa, sai a kira shi ya share gidan gaba ɗaya. Kowane kwali kicin ɗin wani ne. A cikin ɗaya na ga kofuna shida iri ɗaya, biyar sababbi ƙal, na shidan kuwa cikinsa ya yi ja da shayi, zanen bakinsa ya goge a daidai inda leɓe yake sauka. Ga robobin Tupperware masu launin ruwan lemo da murafensu, irin waɗanda suka shigo Birtaniya a 1960 mata suna sayar wa juna a cikin gidaje, ga tawul ɗin goge kwanoni mai taswirar wani garin bakin teku, ga ɗan faranti da aka rubuta sunan wurin hutu a jiki. Mai waɗannan kaya ta zaɓe su ne ɗaya bayan ɗaya a tsawon rayuwarta, ta goge su, ta jera su inda baƙo zai gani. Ban ji daɗin yadda wasu masu saye suke jefa su gefe da ƙafa ba, ko da yake na san kasuwa ce, kuma zuwansu nan ya fi musu zuwa juji. A wannan kwalin na sami abarbar roba ta zuba ƙanƙara, ganyenta kore bai karye ko ɗaya ba, farin kwanon cikinta ma yana nan, wanda sau da yawa shi ne yake ɓata.

Yayata ta tambaye ni ko da gaske zan riƙa cin abinci a waɗannan kaya, tambayar kuma tana kan hanya. A da ana amfani da darma da wasu sinadarai masu illa a fenti da rufin sheƙin tangaran, musamman ja da rawaya da ruwan lemo, kuma abinci mai tsami ko mai zafi yana iya jawo su idan rufin ya lalace. Tangaran ɗin da sheƙinsa ya yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo yana riƙe datti a ciki komai wanki. Tsofaffin robobi da kwanonin melamin, wata irin roba mai tauri, ba a sa su a na'urar ɗumama abinci. Abin da na yanke shi ne duk mai zane a ciki, ko mai tsaga, ko wanda fentinsa ke tashi, kanta zai hau don kallo. Kwanon Pyrex mai farin ciki wanda adonsa ke waje zai yi aiki, da hannu kuma za a riƙa wanke shi.

Wajen la'asar sanyi ya ƙaru, masu rumfunan waje suka fara ja wa kayansu tamfol, wasu kuma suna sassauta farashi don kada su koma da kaya masu nauyi. Mun tsallake wani layi da aka cika da 'yan mutum-mutumin wadanni na adon lambu masu jar hula da farin gemu, irin waɗanda wani attajiri, Charles Isham, ya fara shigo da su Ingila daga Jamus a 1847, ba mu tsaya ba saboda hannuwanmu sun cika. Sai a layin kusa da ƙofar fita yayata ta hango agwagwa guda a cikin kwandon tarkace, ta ɗauko ta, ta warware nata biyun daga jarida ta jera su a kan ciyawa don ta gwada. Girman ya yi daidai, amma koren kan ya fi na sauran duhu, da ta juya baya kuma tambarin wani kamfani ne daban. Ta yi shiru tana dubawa, mai kayan yana cewa daga nesa babu wanda zai gane. Ta mayar da ita cikin kwandon ta ce ita za ta gane, ta karɓi lambar wayar wani dillali da ya yi alkawarin nemo mata ta Beswick kafin kasuwar watan Disamba. Muka zauna a kan wani benci muka sake naɗe komai, faranti a tsaye ba a kwance ba, murfin albasa daban da kwanonsa, tulun Jamus a tsakiyar jaka an cusa masa jarida a ciki an kewaye shi da rigar sanyi, sannan muka bi layin masu jiran tasi zuwa tasha.